Goldi, Baturen Da Ya Mallaki Bakin Kwara A Takarda

A cikin Turawan da suka fara shigowa ƙasar nan, babu wanda ya yi da'awar mallakar ƙasa mai faɗi kamar wani mutumin Ingila da a ke kira Joji Goldi. Bai taɓa sare daji ba, bai taɓa yin kunya ko ɗaya da hauya ba, amma akwai lokacin da ya riƙe takardu waɗanda suka ce bakin Kwara da bakin Binuwai na kamfaninsa ne, hagu da dama. Ɗaya daga cikin takardun nan a Gwandu aka sa mata hannu. Saboda haka labarinsa ya shafi ko wane manomi na kwarin Rima, tun daga Argungu har Birnin Kebbi.

An haifi Goldi a shekarar 1846 a wani tsibiri da a ke kira Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan. Gidansu gidan arziki ne, iyayensa masu filaye ne tun kaka da kakanni. Ya yi makarantar soja, ya zama hafsa, amma bai fi shekara biyu a aikin ba sai ya ci gādo mai yawa. Ya ajiye aiki, ya tafi Masar, ya shiga sahara ya zauna tare da Larabawa wajen shekara uku. A can ya koyi Larabci, a can kuma ya riƙa jin labarin ƙasashen Sudan, ya karanta littattafan matafiya waɗanda suka ratsa Kano da Sakkwato da Kukawa.

Bayan ya koma gida da 'yan shekaru, sai danginsa suka sayi wani ɗan kamfani mai ciniki a Kwara, kamfanin kuwa yana ta faɗuwa. A 1877 Goldi ya zo da kansa don ya ga abin da ke hana shi riba. Ya iske kamfanoni huɗu na Ingila suna sayen manja da hauren giwa da man kaɗe, suna sayar da gishiri da tufafi da bindigogi da barasa. Ko wanne yana so ya ƙwace cinikin ɗan'uwansa, don haka suna ta ƙara wa mutanen ƙasa kuɗin kaya. Wannan ya yi wa masu kawo manja daɗi, amma bai yi wa Goldi daɗi ba. Ya lura da cewa in mai saye ɗaya ne a kasuwa, to, abin da ya taya shi ne kuɗin kaya. Ya bi kamfanonin nan da lallashi har suka haɗu suka zama ɗaya a 1879.

Ba a daɗe ba sai ga Faransawa sun kafa nasu kantuna a bakin kogin. Goldi ya yi ta karya kuɗin kayansa, yana sayarwa da hasara, har Faransawa suka gaji suka sayar masa da kantunansu a 1884. A ƙarshen shekarar nan manyan ƙasashen Turai suka taru a Balin, babban birnin Jamus, don su shirya yadda za su yi da Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Babu baƙin mutum ko ɗaya da aka gayyata. Da aka zo kan maganar Kwara, sai Ingila ta nuna babu kantin kowa a ƙasan kogin sai na mutanenta, aka bar mata.

To, Goldi ya san kanti ba ya tsare ƙasa. Abin da Turawa ke girmamawa a tsakaninsu shi ne takardar alkawari mai hannun sarki. Saboda haka ya baza ma'aikatansa da takardu bugaggu, an bar gurbin sunan gari da na sarki. Su kan isa gari cikin jirgin ruwa, su ba da kyauta, tafinta ya yi ɗan bayani, sarki ya ɗiga alama. Kafin a gama sun tara takardu fiye da 400. Amma ƙananan garuruwan bakin ruwa ba su isa ba. Manyan masu ƙasa a Arewa su ne Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu, ga shi kuwa an ji labari Jamus na shirin aiko da nata manzo.

Sai kamfani ya ɗauki wani matafiyi mai suna Tomson, wanda ya riga ya yi suna da yawon gabashin Afirka, aka tura shi da gaggawa. Ya hau jirgi har Rabba ta ƙasar Nufe, daga nan ya hau doki ya yi arewa. Ran 1 ga Yuni 1885 ya sami hannun Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda ke zaune a Wurno. Ran 13 ga watan ya sami na Sarkin Gwandu Maliki.

Ya kamata a duba abin da takardar Gwandu ta ƙunsa da kyau. A Turancinta, ta ce Sarkin Gwandu ya ba kamfani dukan hakkinsa a kan ƙasar da ke gefen kogi, hagu da dama, tafiyar sa'a 10 daga gaɓa, tun daga Lakwaja har Sayi. Ku duba taswira ku ga inda Sayi ta ke. Tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, kudu da Yamai, tsakaninta da Lakwaja kuwa ya fi mil 500. Shi kuma kamfani zai riƙa ba Sarkin Gwandu kaya na kimanin keso 2,000 na wuri ko wace shekara, Sarkin Musulmi kuwa keso 3,000. Keso ɗaya wuri 20,000 ne. Watau abin da aka yanka wa Gwandu wuri miliyan 40 ke nan a shekara.

Tomson ya koma Ingila yana murna, yana ganin ya sayo ƙasa. Sarakuna kuwa ba haka suka ɗauki al'amarin ba. A wurinsu, baƙo ne ya zo neman iznin ciniki da aminci a hanya, aka ba shi, shi kuma zai riƙa kawo gaisuwa kamar yadda ko wane fatake ke yi. Wanda ke kawo gaisuwa shekara shekara, ai shi ne na ƙasa, wanda a ke kawo wa shi ne na sama. Ga takarda ɗaya, amma ko wane gefe yana ganin shi ne ubangiji.

Dalilin da ya sa sarakuna ba za su fahimci maganar a kan ciniki ba shi ne, a ƙasar nan sarki ba shi da ikon sayar da ƙasar jama'a. Amana ce a hannunsa. Mutum ya kan sami gona ta hanyar gādo, ko ya roƙi mai gari ya nuna masa daji ya sare, ko ya karɓi aro, ko jingina. Baƙo ma in ya zo da niyyar zama a kan yanka masa wuri, ya noma, 'ya'yansa su gada. Amma ya kwashe gari da gonakinsa da makiyayarsa da mashayarsa ya ce nasa ne shi kaɗai, wannan ba a san shi ba. Tun kafin zuwan Tomson da shekaru masu yawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa sarautar Gwandu, ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. A ciki ya yi bayanin yadda mutum ke samun hakki a kan matacciyar ƙasa in ya raya ta, da yadda shugaba ke yanka wa mutum wuri, da hurumin da a ke keɓe wa jama'a. Gidan da ya gaji irin wannan ilmi ba zai sayar da bakin Kwara a kan buhunan wuri ba.

Akwai kuma wani abin da takardar ba ta faɗa ba. A 1885 hanyar Gwandu zuwa Sayi ba a hannun Gwandu kaɗai ta ke ba. Tun 1849 Kabawa suka tayar a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suna taimakonsu. A lokacin zuwan Tomson, Sarkin Kabi Sama'ila, wanda a ke kira Sama, bai fi shekara biyu da hawa gadon sarauta ba, yaƙi kuwa yana ci tsakaninsa da Gwandu da Sakkwato. Babu wanda ya tambayi Sama ko ya yarda.

Duk da haka takardun sun yi wa Goldi aikin da ya ke so. A 1886 gwamnatin Sarauniya Biktoriya ta ba kamfaninsa takardar izni ya yi mulki a madadinta, aka sa masa suna Royal Niger Company, mutane suka riƙa ce da shi Kamfanin Neja. Ya zama ɗan kasuwa, ya zama kuma hukuma. Yana da tutarsa, da alƙalinsa a Asaba, da sojojinsa a Lakwaja, yana karɓar kuɗin fito. An sharɗanta masa kada ya hana kowa ciniki, amma ya ɗora lasin da kuɗin fito masu nauyi har babu wanda ya iya shiga kogin sai shi. Mutanen Nembe, can bakin teku, waɗanda tun kakanninsu su ke hawa kogi da kwalekwale suna sayen manja, aka mai da su 'yan fasa-ƙwauri a ruwan da suka gada. Yunwa ta kama su. A Janairun 1895 sarkinsu Koko ya tara jiragen yaƙi suka auka wa ma'ajin kamfani a Akasa, suka kashe ma'aikata da dama. Jiragen yaƙin Ingila suka zo suka ƙone musu gari.

A nan Arewa, takardun Tomson su ne Ingila ta riƙa nuna wa Faransa. A 1890 ƙasashen biyu suka ja layi a taswira daga Sayi zuwa Barruwa ta bakin Tafkin Chadi, suka ce kudu na Ingila, arewa na Faransa. Shekara ta kewayo sai wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya bi layin nan da ƙafarsa. Ya biyo ta Argungu, ya isa wurin Sarkin Musulmi, ya wuce Kano har Kukawa. Bai ga kanti ko tuta ko ma'aikacin Kamfanin Neja a hanya ba. Da ya kai wannan labari gida, Faransawa suka ce an cuce su, gardama ta tashi, ba ta kwanta ba sai da aka sake shiri a 1898, aka kuma gyara shi a 1904 da 1906. Iyakar da ta raba Kamba da Gaya a yau, ta raba dangi ɗaya gida biyu, daga wannan ja-in-ja ta fito.

A farkon 1897 Goldi ya fito da abin da ke ransa a fili. Ya ɗauki soja wajen 500 da manyan bindigogi, shi kansa yana cikin rundunar, ya ci Bidda a watan Janairu, ya ci Ilori a Fabrairu. Hujjarsa ita ce Nufawa suna ƙetare kogi suna kama bayi, wannan kuwa gaskiya ne, suna yi. A cikin shekarar nan ma ya yi shela cewa shari'ar kamfani ba ta san bauta ba. Amma Bidda da Ilori ƙasashen Gwandu ne, can su ke kai gaisuwa. Wanda ya zo jiya neman iznin ciniki, ga shi yau yana tuɓe sarki yana naɗa wani. Daga nan amincin da ke tsakanin kamfani da Sakkwato da Gwandu ya lalace. Sojan kamfani na juya baya kuma, Sarkin Nufe Abubakar ya komo gadonsa.

Gwamnatin Ingila ta ga aikin ya fi ƙarfin 'yan kasuwa, ga Faransawa sun matso ta Bargu. Sai ta karɓe iznin mulki. Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, Gwamna Lugga ya ɗaga ta Ingila. An biya kamfani fam 865,000, ya miƙa wa gwamnati hakkin ƙasa da na ma'adinai da ya ce yana da su, ya riƙe kantunansa da mashigan jiragensa. Har wa yau aka yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu a kan ma'adinai, tsakanin Kwara da wani layi daga Yola zuwa Damagaram, har shekara 99. Da aka fara haƙar kuza a Jos, sai kuɗi suka yi ta kwarara wurin kamfani a kan ƙasar da bai taɓa mallaka ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan alkawari da fam miliyan ɗaya daga kuɗin talakawa.

A 1902 sojan Ingila suka sauka Argungu, Sarkin Kabi Sama ya karɓe su ba yaƙi. Ran 15 ga Maris 1903 aka ci Sakkwato. Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnati. A nan ne fa manomi ya shiga hatsari, ko da ya ke bai sani ba. Gama a shekarar nan tata, can a Kenya, gwamnatin Ingila ta yanka wa wani Bature guda, Lord Delamere, eka 100,000. Waɗansu Turawa suka bi sawunsa, suka cika tuddai masu ni'ima da gonakinsu, masu ƙasa suka koma 'yan ƙodago a inda kakanninsu suka yi noma da kiwo. Baƙin cikin wannan ne ya haifi yaƙin Mau Mau a 1952. Da an bi wannan hanya a nan, da fadamar Rima, mai ba da shinkafa da kifi da ciyawar rani, tana cikin wuraren da za a fara sa wa ido.

Abubuwa da dama suka hana. Zazzaɓin sauro da zafi ba su bar Bature ya zauna da iyalinsa ya yi gida ba. Ƙasar kuma cike ta ke da mutane, da sarakuna da alƙalai da hukunci rubutacce, gwamnati kuwa ba ta da sojan da za ta tsare fushinsu in an taɓa gonaki. Tashin Satiru na 1906 ya nuna mata haka. Ban da wannan, an lura manomi da kansa yana iya fid da auduga da gyaɗa da araha fiye da yadda baƙo zai yi. Saboda haka Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya sa aka kafa kwamiti a London a 1908 don binciken al'adar ƙasa. Daga shawararsu aka yi dokar 1910, wadda ta ce dukan ƙasar Arewa ta 'yan ƙasa ce, Gwamna yana riƙe da ita don amfaninsu, ba a sayar wa kowa ita har abada. Baƙo sai dai a ba shi iznin zama na shekaru ƙidayayyu, yana biyan haya. Abin mamaki, Girouard ɗin nan da aka mai da shi Kenya, a zamaninsa ne aka tashi Masai daga makiyayarsu ta arewa aka ba Turawa.

Dokar 1910 ta tsare manomi daga baƙin masu gandu, amma ta sa ƙasa duka a tafin hannun Gwamna. Mutanen Birom na Jos sun ɗanɗana wannan, gama da iznin Gwamna aka haƙe musu gonaki don kuza. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta yi irinta ga Nijeriya duka, ta danƙa ƙasar ko wace jiha ga gwamnanta. Don haka mai fili a Gesse, ko mai gona a Ambursa, abin da ya ke da shi a shari'a shi ne hakkin zama da amfani. Yana noma, yana gini, 'ya'yansa suna gāda. In kuwa gwamnati na bukatar wurin don hanya ko makaranta ko gidaje, tana da ikon karɓa, ta biya diyyar gini da amfanin gona.

Kamfanin Neja bai mutu da rasa mulki ba, ƙaruwa ma ya yi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zama babban mai sayen gyaɗa da fatu da ƙiraga, manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saya masa. A 1920 kamfanin Lever mai yin sabulu ya saye shi, a 1929 kuma aka gama shi da wani suka zama U.A.C. Gidan kamfanin da ke Kano shi ne mutane suka sa wa suna Gidan Goldi.

Shi Goldi, tun da aka sauke tutarsa bai sake riƙe wani aiki a ƙasar nan ba. Ya shugabanci ƙungiyar masanan labarin ƙasa ta Ingila daga 1905 zuwa 1908, ya kuma yi aiki a majalisar birnin London. Akwai waɗanda suka so a sa wa ƙasar nan sunansa, kamar yadda aka sa wa Rodeshiya sunan Rhodes, amma ya ƙi. Sunan Nijeriya wata marubuciya ce, Flora Shaw, ta kawo shawararsa a jarida a 1897, ita ce kuma daga baya ta auri Lugga. Goldi mutum ne mai zafin rai, mai ɓoye al'amarinsa. Ya ƙone takardunsa, ya hana 'ya'yansa taimakon duk wanda ya so rubuta tarihinsa. Ya mutu a London ran 20 ga Agusta 1925, yana da shekara 79.

Tambayoyi

1. Don me Goldi ya haɗa kamfanonin Kwara suka zama ɗaya? Wa ya ci riba, wa ya yi hasara?
2. Yaya Tomson ya fahimci takardar Gwandu, yaya kuma Sarki Maliki ya fahimce ta?
3. In keso ɗaya wuri 20,000 ne, wuri nawa aka yanka wa Sarkin Musulmi a shekara?
4. Ku tambayi wani dattijo a garinku yadda kakansa ya sami gonarsa, ku rubuta abin da ya gaya muku.